Ranar da mai manhaja ya janye hannunsa daga littafin lissafinka

Manhajar lissafin kuɗi ba ta faɗuwa matacciya ranar da aka ce wa'adinta ya cika. Washegari akanta zai shigo ofis, ya kunna kwamfuta, ya buga kalmar sirri, komai ya buɗe kamar jiya. Rahoton riba da asara yana nan, jerin waɗanda ake bi bashi da masu bin kamfanin yana nan, rasit yana fita yadda ya saba. Shi ya sa masu kamfanoni da yawa ke kallon wasiƙar gargaɗin da ake aiko musu a matsayin wayon 'yan kasuwa, a tsorata mutum ya sayi sabuwa. Ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a wannan zargi ba, zan ma dawo kansa. Sai dai abin da ya sauya a ranar ba ƙarami ba ne, ko da ido bai gan shi ba. Daga wannan rana, duk abin da ya sami manhajar a wuyanka yake. Wanda ya ƙera ta ya sauke kayan, kai ka ɗauka, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Abin da kamfanonin manhaja ke kira kulawa ƙunshi ne, ba abu ɗaya ba. A ciki akwai gyaran kurakuran da ake ganowa bayan an fitar da manhajar, kamar rahoton da ke tara lamba ba daidai ba. Akwai facin tsaro, wato toshe ƙofofin da 'yan kutse suka gano. Akwai daidaita manhajar duk lokacin da hukuma ta sauya dokar haraji ko yadda ake cire kuɗi daga albashi. Sannan akwai mutumin da zai ɗaga waya idan rumbun bayananka ya ƙi buɗewa ana saura kwana biyu a biya ma'aikata. Waɗannan ba rana ɗaya suke ƙarewa ba. Ana zare su ne ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancin ruɗanin daga nan yake tasowa. Sai mutum ya ji an ce manhajarsa na da sauran shekara huɗu, ya kwantar da hankalinsa, bai tambayi shekara huɗun me ba.

Kamfanin Microsoft ya daɗe da tsarin da ya fi sauƙin ganewa: shekara goma, an raba gida biyu. Biyar ɗin farko cikakkiyar kulawa ce, ana gyara kuskure, ana ƙara sababbin abubuwa, ana bin sauyin dokoki. Biyar ɗin baya ƙarin wa'adi ne, kuma abin da ya rage a cikinsa kusan facin tsaro ne kaɗai. A ɗauki manhajar lissafinsa Dynamics NAV 2018, siga ta ƙarshe da ta fito da wannan suna. Cikakkiyar kulawarta ta ƙare a Janairun 2023, ƙarin wa'adin kuma sai Janairun 2028. Manajan da ya ce "muna da lokaci har 2028" bai yi ƙarya ba, amma rabin zance ya faɗa. Tun 2023 babu wanda ya ɗaukar masa alkawarin daidaita manhajar da sabuwar dokar haraji, kuma a ofishin lissafi wannan rabin da ya bari shi ne mai ciwon.

Oracle hawa uku ya yi. Shekara biyar na cikakkiyar kulawa, sai shekara uku na ƙari ga wanda zai biya ƙarin kuɗi, sai hawa na uku wanda ba shi da ranar ƙarewa muddin kana biyan kuɗin shekara. A wannan na ukun ne mutane ke yaudarar kansu. Abin da ake samu a cikinsa shi ne tsofaffin gyare-gyaren da aka riga aka fitar, da damar yin tambaya. Sabon faci babu, sabunta haraji babu. Kana biya, ana amsa maka waya, amma idan aka gano sabuwar ɓaraka gobe babu wanda zai zauna ya ɗinke maka ita.

A ɓangaren ƙananan kamfanoni igiyar ta fi gajarta. Intuit, mai QuickBooks, ya saba yanke kulawar kowace sigar da ake sakawa a kwamfuta bayan kimanin shekara uku, kuma ranar galibi 31 ga Mayu ce. Sigar 2021 ta fita daga kulawa a ƙarshen Mayun 2024, ta 2022 a ƙarshen Mayun 2025. Manhajar za ta ci gaba da buɗewa, amma duk abin da ke haɗa ta da waje an katse: hidimar lissafin albashi, jawo bayanan banki kai tsaye, karɓar biya ta kati, facin tsaro. Sage kuwa, a wasu manhajojinsa irin su Sage 100 da Sage 300, dokarsa ita ce siga ta yanzu da biyun da suka gabace ta. Wannan tsari yana da wata illa ta ɓoye, domin ba kwanan wata aka ba ka ka rubuta a bango ba. Duk ranar da sabuwa ta fito, ta huɗu a layi ta faɗi. Af, wanda har yau yake ganin sunan Peachtree a fuskar kwamfutarsa ya sani tun 2012 aka sauya wa wannan manhaja suna zuwa Sage 50. Sunan kaɗai ya isa ya gaya masa shekarun abin da ya ɗora dukiyarsa a kai.

Duk wannan maganar siga ce, wato an bar tsohuwa an koma sabuwa a gida ɗaya. Akwai abin da ya fi shi nauyi, lokacin da za a rufe gidan baki ɗaya. Labarin Dynamics GP ya nuna yadda ake yi daki-daki. Asalinta ta kamfanin Great Plains ce da ke garin Fargo a jihar Dakota ta Arewa a Amurka, wanda Microsoft ya saya a 2001 a kan kimanin dala biliyan 1.1. Shekaru da dama tana riƙe da littattafan matsakaitan kamfanoni. Da aka tashi sallamarta, ba a fara da yanke kulawa ba, an fara da daina sayarwa. Daga Afrilun 2025 sabon mai saye ba zai sami lasisin mallaka na dindindin ba, daga Afrilun 2026 kuma ko na haya ba zai samu ba. A Satumban 2024 aka sanar cewa gyare-gyare da sabunta haraji da amsa tambayoyi za su tsaya a 2029, facin tsaro kuma zai ci gaba zuwa 30 ga Afrilun 2031.

A ganina sanarwar shekara biyar adalci ce, kuma da kowane kamfani zai yi haka da an rage kuka. Amma wanda ya zauna yana jiran 2029 bai fahimci yadda kasuwar ke tafiya ba. Ranar da aka daina sayar da manhaja, ranar ƙwararrunta ke fara tattara kayansu. Matashin da ke neman sana'a ba zai ɓata shekarunsa yana koyon abin da aka sa wa ranar mutuwa ba. Dillalan da ke girka ta suna mayar da ma'aikatansu kan sabuwar. Ƙananan kamfanonin da ke ƙera abubuwan da ake jona mata, na kula da kaya a sito ko na buga cak, suna daina sabunta nasu. Kafin ranar da aka rubuta ta zo, za ka ga masu iya gyara ta sun ragu, kuɗin aikinsu ya hau, kuma kowa na neman su lokaci ɗaya.

To me ya sa wannan magana ta fi zafi a kan manhajar lissafi? Mai zane da kwamfuta zai iya shekara goma sha biyar da tsohuwar manhajarsa, zanensa ya yi kyau, ba ruwan kowa. Manhajar lissafi ba ta da wannan 'yancin, domin ba ita kaɗai take zaune ba. Hannunta ɗaya yana riƙe da hukumar haraji, ɗaya yana riƙe da banki, ƙafafunta kuma suna kan babbar manhajar kwamfuta da rumbun bayanai. Kowane ɗayansu yana motsi a lokacin da ya ga dama. Ita ce aka ɗaure wuri guda.

A fara da doka. A tsakiyar 2020, saboda annobar korona, Jamus ta rage harajin VAT daga kashi 19 zuwa 16 cikin ɗari na wata shida, daga Yuli zuwa Disamba, sannan ta mayar da shi. A watan Yulin nan dai Saudiyya ta ɗaga nata daga kashi 5 zuwa 15. Sauya lamba a manhaja abu ne mai sauƙi, kowane akanta zai iya. Wahalar tana cikin cinikin da ya ratsa ranar sauyin: an kai kaya a watan Yuni an rubuta takarda a Yuli, ko an dawo da kayan da aka saya da tsohon farashi. Wanda ke cikin kulawa an aiko masa da gyara da bayani. Wanda ya fita, shi da dabararsa.

Wannan ma mai sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da ya biyo baya, domin hukumomin haraji yanzu ba lamba kaɗai suke sauyawa ba, hanyar magana da su suke sauyawa. Italiya ta wajabta tura takardun ciniki ta na'ura ta hanyar tsarin gwamnati tun Janairun 2019. Birtaniya ta fara tilasta miƙa bayanan VAT kai tsaye daga cikin manhaja a Afrilun 2019, ta faɗaɗa shi ga duk mai rajistar VAT a Afrilun 2022. Saudiyya ta fara nata tsarin a Disamban 2021, ta shiga zango na biyu, na haɗa manhajar kamfani da ta hukuma, a Janairun 2023. A Jamus, daga farkon 2025 dole kowane kamfani ya iya karɓar takardar ciniki ta na'ura. Manhajar da aka daina kula da ita a 2016 ba ta san da wannan harshe ba, kuma babu maɓallin da za a danna ta koya. Abin da ake yi shi ne a sayo wata 'yar manhaja ta zama gada, a riƙa kwashe lambobi daga nan ana zubawa can. Yana aiki, amma kowace gada wuri ne da kuskure ke iya shiga, kuma idan ya shiga, tarar ba kan mai gadar take faɗawa ba.

Ƙa'idojin lissafin kansu ma suna sauyawa. Da ƙa'idar IFRS 16 ta fara aiki a 2019, yawancin hayar gine-gine da motoci da injuna sai da suka shiga cikin jadawalin kadara da bashi na kamfani, alhali da can kuɗin haya kawai ake rubutawa. Wanda manhajarsa ba ta san da haka ba ya koma yin lissafin a Excel yana shigar da sakamakon da hannu. Na fi jin tsoron wannan fiye da komai, saboda a hankali yake cin kamfani. Bana fayil ɗaya ne a gefe, baɗi uku, bayan shekara biyar ainihin lissafin yana cikin fayiloli goma sha biyu da mutum ɗaya ne kaɗai ya san yadda suke haɗuwa. Ranar da wannan mutum ya ajiye aiki, ranar ake gane cewa manhajar ta daɗe da zama kwalin ajiya.

Sai ƙasan da take tsaye a kai. Manhajar lissafi tana zaune kan Windows, bayananta kuma galibi suna cikin rumbu irin su SQL Server, a kan babbar kwamfutar da ake kira uwar garke. Kowane hawa da nasa wa'adin. Windows 7 ta fita daga kulawa ranar 14 ga Janairun 2020. Windows Server 2012 ta bi baya a Oktoban 2023. SQL Server 2014 ta ƙare a Yulin 2024, ta 2016 kuma an sa mata Yulin 2026. Windows 10 ta kai nata ranar 14 ga Oktoban 2025. Matsalar ita ce tsohuwar sigar manhajar lissafi an tabbatar da ita ne a kan tsofaffin nan kaɗai. Ka ɗaga Windows, manhajar na iya ƙin tashi ko ta riƙa ɓata rahoto, kuma babu wanda za ka kai wa ƙara. Ka bar Windows yadda take don manhajar ta zauna lafiya, ka bar dukan ofishin a buɗe. Gaba kura baya sayaki. Saboda haka wa'adinka na gaskiya ba wanda aka rubuta a kan manhajar lissafin ba ne, shi ne mafi kusa a cikin dukan jerin.

Akan iya sayen lokaci. Microsoft yana sayar wa kamfanoni ƙarin facin tsaro na Windows 10 har shekara uku, dala 61 kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa duk shekara. Yadda aka tsara farashin ya nuna manufar: ka yi amfani da shi ka fita, ba ka shimfiɗa tabarma ba.

Game da tsaro akwai abin da ba a cika bayyanawa ba. Mutane na ganin tsohuwar manhaja tana nan yadda take, ƙarfinta bai ƙaru ba bai ragu ba. Ba haka ba ne. Sabuwar siga da tsohuwa yawanci jikinsu ɗaya, an gina wannan a kan wancan. Duk lokacin da kamfani ya fitar da faci ga sabuwar, 'yan kutse suna kwance facin su ga wace ɓaraka aka toshe, sannan su je su duba ko tana nan a tsohuwar da ba za a taɓa toshe wa ba. Wato kowane faci da wasu suka samu, taswira ce zuwa ƙofar wanda bai samu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan abin da ke bayan bangon shi ne lambobin asusun ma'aikata, albashinsu, bayanan bankin masu kawo kaya, da ikon sauya asusun da za a tura wa kuɗi.

Shekarar 2017 ta bar darasi biyu da ya kamata a faɗe su tare. A watan Mayu cutar WannaCry, mai kulle bayanai ta nemi kuɗin fansa, ta bazu a duniya, har ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya da dama. Ta yi muni har Microsoft ya karya dokarsa ya fitar da faci ga Windows XP, wadda ya sallama tun Afrilun 2014. Amma galibin kwamfutocin da ta kama suna kan Windows 7 ne, wadda ake kula da ita a lokacin, kuma facin ya fito tun watan Maris. Masu su ne ba su saka ba. Biyan kuɗin kulawa ba tare da saka abin da aka aiko ba, da rashin kulawar duk ɗaya ne. Sai kuma ƙarshen watan Yuni, da wata cutar, NotPetya, ta ɓulla daga Yukren. Ta shiga ne ta hanyar sabuntawar M.E.Doc, manhajar lissafin haraji da kamfanonin ƙasar ke amfani da ita, bayan an kutsa cikin na'urorin masu manhajar. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk kaɗai ya ƙiyasta asarar dala miliyan 250 zuwa 300. A nan waɗanda suka karɓi sabuntawa ne suka kamu. Wannan ba hujjar ƙin sabuntawa ba ce. Yana nuna cewa tambayar ba ta tsaya ga "ana kula da manhajata?" ba, ta kai ga wane ne ke kula da ita, kuma yaya yake tsare nasa gidan.

Yanzu in dawo kan zargin masu kamfanoni. Gaskiya ne riƙe siga goma lokaci ɗaya aiki ne mai cin kuɗi. Kowane gyara sai an gwada shi sau goma, kuma wasu tsofaffin an rubuta su da kayan aikin da su ma an daina kula da su. Babu mai hankalin da zai ce a kula da kowace siga har abada. Amma kuma gaskiya ne cewa wanda ya sayi lasisi sau ɗaya ya zauna shekara takwas bai kai mai biyan kuɗi wata-wata daraja a wurin mai manhajar ba, kuma ranar yanke kulawa ita ce sandar da ake kora mutane da ita zuwa tsarin haya. Intuit ya mayar da QuickBooks ta kan kwamfuta tsarin biyan shekara-shekara daga sigar 2022, sannan bayan Satumban 2024 ya daina sayar da yawancin nau'o'inta ga sababbin masu saye a Amurka.

Abin da ya faru da masu Sage 50 Accounts a Birtaniya a 2022 shi ne ya fi tsaya mini a rai. Tsofaffin sigoginta suna tuntuɓar na'urorin kamfanin don tantance lasisi ta wata tsohuwar hanyar tsare sadarwa, TLS 1.0 da 1.1. Ta farkon tun 1999 take, kuma masu tsara ƙa'idojin intanet sun yi watsi da su duka biyu a hukumance a 2021, don haka rufe su ba laifi ba ne. Sai dai rufewar na nufin sigogin ba za su ƙara iya tantance kansu ba bayan ƙarshen Satumba, kuma cikin masu su akwai waɗanda suka sayi lasisin dindindin. Hanyar da aka nuna musu ita ce su koma tsarin haya. An yi ta ƙorafi, kuma ina ganin suna da gaskiya. Daina kula da abu daban, sa shi ya daina aiki daban. Duk manhajar da sai ta nemi izini daga wata na'ura mai nisa kafin ta buɗe, dindindin ɗinta yana hannun mai wannan na'urar ne, ko me aka rubuta a takardar saye.

Masu tallata manhajar kan intanet sukan ce da ita an huta da maganar wa'adi, tunda siga ɗaya ce kullum, kuma kamfanin ne ke sabunta ta. Akwai gaskiya a nan, kuma ga ƙaramin kamfanin da ba shi da ma'aikacin kwamfuta sauƙi ne babba. Amma wa'adin bai ɓace ba, kamanninsa ne suka sauya. Business Central, magajiyar NAV, tana samun babbar sabuntawa sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba. Kana iya ɗage ranar na ɗan lokaci, ba ka iya ƙi. Wanda ya girka ta a nasa na'urorin kuma kowace siga kimanin wata 18 take da shi, ba shekara goma ba. Sannan kamfanin na iya barin ƙasarka gaba ɗaya, kamar yadda Intuit ya janye QuickBooks daga Indiya a 2023. Tsohuwar manhajar da ke kan kwamfutarka ko an sallame ta tana buɗewa. Ta kan intanet idan aka rufe ƙofa, abin da ka riga ka kwashe kaɗai ne naka.

Su kuma masu ƙin tashi, ba duka ne sakarkaru ko marowata ba. Da yawa sun shekara goma suna ɗinka wa manhajar gyare-gyare daidai jikin kasuwancinsu, kuma sun ga abin da ƙaura ta yi wa wasu. Majalisar birnin Birmingham a Ingila ta bar manhajar kamfanin SAP ta koma ta Oracle a Afrilun 2022. Aikin da aka yi wa kasafin kimanin fam miliyan 19, a 2023 majalisar da kanta ta ƙiyasta zai iya kai fam miliyan 100. Daidaita lissafi da na banki ya gagari sabon tsarin, aka koma yi da hannu, kuma an daɗe ba a iya fitar da sahihin lissafin shekara ba. Cikin dalilan da masu bincike suka nuna akwai ƙoƙarin lanƙwasa sabuwar manhajar ta yi aiki irin na tsohuwar, maimakon a gyara yadda ake aikin. Wanda ya ji wannan labari ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ba zan yi masa dariya ba. Sai dai ƙin tashin ba ya hana ƙaura, yana mayar da ita ta gaggawa ne, kuma ƙaurar gaggawa ita ce ta fi zama muguwar rawa.

Idan masu amfani suka yi yawa kuma suka tsaya, kamfani yakan sassauta. SAP ya sa 2025 a matsayin ƙarshen kulawar tsohuwar manhajarsa ta ECC don a koma S/4HANA, wadda ya fitar a 2015. Da ya ga manyan abokan cinikinsa ba su shirya ba, a Fabrairun 2020 ya ɗage zuwa ƙarshen 2027, da ƙarin wa'adi zuwa 2030 ga mai biyan ƙari a kan kuɗin kulawa. Ɗagewar ma ba ta shafi kowa ba, domin waɗanda ke kan tsofaffin matakan ECC ɗin an bar su da 2025 ɗinsu. Kuma wannan ƙarfin na manyan kamfanoni ne. Mai ma'aikata ashirin kada ya gina shirinsa a kan fatan za a ɗage. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu irin su Rimini Street da ke karɓar kulawar manhajojin Oracle da SAP a kan kuɗi ƙasa da na masu su, har da sabunta haraji. Hanya ce ta gaske, amma ba su ne suka ƙera manhajar ba, ba za su kawo maka sabuwar siga ba, kuma Oracle ya shekara da shekaru yana shari'a da Rimini, daga 2010 zuwa 2025, a kan yadda ake wannan aiki.

Lissafin lokaci daga baya ake fara shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ofishin lissafi yana da lokutan da ba a taɓa shi: ƙarshen wata, ƙarshen shekara, lokacin da masu binciken kuɗi suke zaune a ciki, lokacin miƙa haraji. Wurin da ya fi dacewa a yanke shi ne farkon sabuwar shekarar kuɗi, a rufe littafi a tsohuwa, a buɗe da ragowar a sabuwa. Wannan dama sau ɗaya take zuwa a shekara. Kafin ta, ana son wata ɗaya ko biyu ana tafiyar da manhajojin biyu tare, ana gwada ko jimillarsu ta zo ɗaya, musamman albashi da haraji. Kafin wannan akwai horar da ma'aikata, kafin shi akwai tace bayanai, domin duk tsohon rumbu cike yake da sunan mai kawo kaya ɗaya da aka shigar sau uku da basussukan da aka biya ba a goge ba. Kafin duk wannan akwai zaɓen manhajar da neman wanda zai girka ta. Idan aka jera su, wa'adin da aka ce saura shekara biyu sai ka ga ya koma 'yan watanni kafin a fara aiki.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne tarihin da aka bari a baya. Ƙaura ba ta cika ɗaukar komai ba. Yawanci ragowar asusu ake kwashewa, da takardun da ba a biya ba, da wataƙila shekara ɗaya ko biyu na ciniki. Sauran yana nan cikin tsohuwar. Amma doka ba ta san ka sauya manhaja ba. A Birtaniya, alal misali, dole kamfani ya adana bayanan lissafinsa shekara shida, kuma kusan kowace ƙasa na da nata adadin. Mai binciken da zai zo bayan shekara huɗu zai nemi takardar ciniki guda, da wanda ya shigar da ita, da ranar da aka gyara ta. Idan amsar tana cikin fayil ɗin da sai tsohuwar manhaja ke iya buɗe shi, ita kuma sai da lasisin da ya mutu, a kan Windows ɗin da babu kwamfutar da ke ɗaukarta, to bayanan suna nan amma ba ka da su.

Don haka kafin a kashe tsohuwar, a fitar da babban littafin shige da fice na kowace shekara, da bayanan kowane mai saye da mai kawo kaya, da na albashi, da sawun wanda ya taɓa kowace shigarwa, a cikin nau'in fayil da kowace kwamfuta ke karantawa, irin su PDF da CSV. Idan dole sai an bar tsohuwar a raye don dubawa, a ware mata kwamfuta guda, a cire ta daga intanet, a hana shigar da sabon abu a ciki, a ajiye kwafinta a wani wuri dabam tare da fayil ɗin girkawa da lambar lasisi. Sannan a sa wanda ba shi ya yi ajiyar ba ya zauna ya gwada: a ba shi lambar wata takardar ciniki ta shekara biyar baya, a ga ko zai iya fito da ita kafin a tashi daga aiki.